Cigiya: Aku, Goro da Hukuncin Tsintuwa

Wata ranar Talata cikin watan Agusta, ina gida Dakoro hutun ƙarshen shekara, aka yi ruwa mai iska tun azahar. Ana ɗaukewa ƙanwata ta shigo a guje tana cewa akwai wani tsuntsu bisa iccen bedin ƙofar gida yana yi wa mutane sallama. Na ɗauka shirmen yara ne. Da na fita sai na tarar ƴan unguwa sun yi dandazo, wasu sun ɗebo duwatsu, wani har ya ɗana danƙo, suna ta ihun "aku kuturu, aku kuturu!" Can bisa reshe ga shi a takure, ya jiƙe sharkaf, ruwan toka da jar wutsiya. Na kori masu duwatsu, na miƙa masa sanda. Ya dube ni da ido ɗaya, ya juya kai ya dube ni da ɗayan, sannan ya tako ya hau kamar wanda ya saba.

Tun a daren nan na san yana da mai shi, don hujja uku. Ta farko hawa sandar nan. Ta biyu, an taɓa datse masa gashin fiffike ɗaya, sabon gashi ya tsiro rabi da rabi, wanda ya isa iska ta ɗauke shi amma bai isa ya yi doguwar tafiya ba. Ta uku ita ce ta ja ni cikin tarihin da nake so in ba ku: irin wannan tsuntsu ba ɗan ƙasarmu ba ne sam.

Wanda yake namu shi ne tsirya, koriya mai doguwar wutsiya da jan baki, wadda ke zaune a dazuzzukan Sahel tun daga Senegal har Sudan. Aku mai ruwan toka kuwa ɗan kurmi ne. Gidansa daga Kwaddibuwa da Gana, ya bi kudancin Najeriya da Kamaru da Gabon, ya ratsa Kwango har yammacin Kenya. A kogon manyan itatuwa yake ƙwai, kuma cikin abincin da ya fi so akwai ƴaƴan kwakwar manja. Daga Dakoro, inda gawo da aduwa da ƙirya su ne manyan itatuwa, sai ka yi tafiyar ɗaruruwan kilomita kudu kafin ka ji kukansa a daji. Duk akun da ka gani a ƙasar Hausa, yau ko shekaru ɗari uku da suka wuce, hannun mutum ne ya kawo shi ko ya kawo iyayensa.

To, in tsuntsu baƙo ne, sunansa fa? Ɗalibin kimiyyar harshe ba ya ganin baƙon abu bai tambayi asalin sunansa ba. A harshen Twi na mutanen Asante, waɗanda kakanninmu ke kira Tonawa, sunan tsuntsun nan "akoo". A harshen Ewe, maƙwabtansu ta gabas, "ako". Ku ajiye su kusa da "aku" namu ku saurara. Yarbawa, waɗanda su ma suna da shi a dajinsu, "odidere" ko "ayekooto" suke cewa, Larabawa kuma "babbaga". Ba mu ɗauki na Yarbawa ba, ba mu ɗauki na Larabawa ba, duk da yawan abin da muka ara daga Larabci. A ganina wannan ya isa ya nuna mana hanyar da kalmar ta biyo, kuma hanyar sananniya ce, ita ce hanyar goro.

Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara da Ingilishi a 1908, ya ce a zamanin Sarki Abdullahi Burja, 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, kuma a zamanin Yakubu da ya biyo baya fataken Gwanja suka fara zuwa Katsina. Gwanja ita ce ƙasar Gonja a arewacin Gana ta yau. Can ma goro ba ya tsirowa. Daga kurmin Asante ake kawo shi, Gwanja kasuwa ce kawai. A ƙarni na 19 babbar kasuwar ita ce Salaga. Ayari yakan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da ɗaruruwan jakuna ƙarƙashin madugu, ɗauke da kanwa, fatu, tufafi, gabu da dabbobi, har da bayi, abin da bai kamata mu ɓoye ba. A ƙetare Kwara, a bi ta Bargu, a yi watanni a hanya. Zuwa da dawowa yakan ci kusan shekara. Paul Lovejoy, wanda ya rubuta littafi sukutum kan wannan fatauci a 1980, ya nuna cewa manyan masu riƙe da shi su ne Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, kuma asalin Agalawa da Tokarawa daga nan arewa ne, cikin mutanen da suka zauna ƙarƙashin Abzinawa kafin su gangara Katsina da Kano su zama Hausawa. Ke nan mu ma mutanen Tarka muna da ƴar ƙafa cikin labarin.

Duk wanda ya san halin matafiyi ya san ba ya dawowa da kayan sayarwa kaɗai. Akwai tsaraba, akwai gaisuwar sarki, akwai abin ba mutanen gida mamaki. Tsuntsu mai magana da bakin mutum, wanda ba ya da nauyi bisa kaya kuma yake cin abin da mutum ke ci, ai babu tsarabar da ta kai shi. Bafatake ya tambayi mai sayarwa sunansa, aka ce masa "akoo", ya taho da tsuntsu da suna gaba ɗaya. Haka kalmomi ke tafiya, a bakin ƴan kasuwa. Har ma ta juya: irin goron da fatake ke kawowa, Yarbawa "gbanja" suke ce masa har yau, wato Gwanja.

Hanyar ta mutu sannu a hankali. Ingilishi sun ci Kumasi a 1874, ƙarfin Asante bisa Salaga ya karye, yaƙin basasa na 1892 ya watsa kasuwar, ƴan zango suka bazu Kete-Krachi da Kintampo da Kumasi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, goro ya koma bin teku zuwa Ikko, daga nan ya hau dogo. Jaki ya huta, amma aku bai huta ba, don kasuwarsa ta riga ta wuce ƙasar Hausa. Tun zamanin jiragen ruwan Fotugal Turawa ke kwasarsa daga gaɓar teku. Faransawa na ce masa "jako" ko ɗan toka na Gabon. A cocin Westminster da ke Landan har yau akwai gawar wani aku irin wannan da aka busar, na wata gimbiya ce da ta rasu a 1702, shi ma ya bi ta bayan ƴan kwanaki.

Akwai kuma wani aku da ya shigo mana ta wata ƙofa daban, shi ne wanda kowa ya fi sani. Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce a Zariya a 1936, aka buga shi littafi uku daga 1937 zuwa 1939, kuma tun daga nan duk ɗan makarantar da aka ce wa aku, waziri yake tunawa. Dabarar da ke cikin littafi na farko, inda aku ke tsare Musa ɗan sarki da labari bayan labari don kada ya fita, tsohuwa ce ƙwarai. Daga Indiya ta taso, cikin wani littafin Sanskrit na hikayoyin aku saba'in, aka mayar da shi Farisanci da sunan Tutinama wajen 1330. Abin dariyar shi ne akun Indiya kore ne, kuma ɗaya daga cikin irinsa da suka fi yawa can ita ce dai tsiryar nan tamu, don jinsi guda ne ke zaune a Sahel da Indiya. Labari ya zo daga gabas cikin takarda, tsuntsu da suna suka zo daga kudu bisa jaki, suka haɗu a Hausa har ba mu iya raba su.

Mu koma gida. Inna, kakata, ta sa aka kife masa babban kwandon kaji a ɗakinta, aka gitta sanda. Kwana biyu bai ce uffan ba. Ranar na uku da asuba muka ji muryar wata tsohuwa cikin ɗakin tana tari, sannan ta ce, "Wane ne?" Inna ta yi salati har ta zubar da buta.

Daga ranar na ɗauki littafi da waya na shiga aikin da aka koya mana a Yamai, na riƙa ɗaukar duk abin da ya faɗa ina rubutawa. Cikin mako uku na tara kalamai ashirin da ƴan kai, ban da kukan waya da ƙarar ƙofa da tarin nan. Abin da na gani ya ba ni mamaki. Mu nan cewa muke "wa na?" da "ita ta", shi "wane ne?" da "ita ce" yake cewa. Mu "tahi", shi "tafi". Mu "mato", shi "mota". In an kunna fitila da dare sai ya ce "an kawo wuta", alhali kowane yaro a Dakoro "kuran" ya sani. Babu kalmar Faransanci ko ɗaya a bakinsa. Hausar gabas ce tsantsa, irin ta Kano da kewayenta.

Wani abokina ya ce wannan ba hujja ba ce, ai kowane gida ana kallon fim ɗin Kano, a telbijin ya koya. Maganarsa abin dubawa ce. Sai dai Irene Pepperberg, wadda ta yi shekara talatin tana aiki da wani aku mai suna Alex a Amurka, daga 1977 har ya mutu a 2007, ta gwada koya wa irin waɗannan tsuntsaye magana da kaset da bidiyo, ta ga ba sa ɗauka yadda suke ɗauka daga mutum mai rai da ke hulɗa da su. Kuma kusan duk kalaman nan murya ɗaya ce, ta tsohuwar nan mai tari. Ba a fim ake yin tari iri ɗaya kowace asuba ba. Akwai wata baiwar Allah mai Hausar Kano da ta zauna da shi shekaru. Ko aure ya kawo ta yankinmu, ko ziyara, ko kuwa bayan ta wani ya ɗauko shi cikin mota ya kuɓuce a tasha. Akwai kuma suna guda da yake kira da wannan murya, sau biyu a jere, yana jan na biyun. Wannan sunan ba zan rubuta shi nan ba, za ku ga dalili.

Labari bai kwana ba ya zaga gari. Cikin mako na biyu wani mutum ya yi sallama da Baba a zaure, ya ce jikka hamsin zai bayar. Da Baba ya yi shiru ya ce tamanin. Bai ɓoye ba, jan gashin wutsiya da kai yake so, akwai masu nema don haɗa magani. Ina bayan ƙofa ina ji, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, lissafi nake yi: kuɗin mota zuwa Yamai, kuɗin rajista, haya ta wata uku. Bara gero bai yi kyau ba, kowa a gidan ya san inda tamanin ɗin za ta shiga. Baba ya ce masa, "Alhaji, abin ba nawa na ba. Tsintuwa amana ta." Da mutumin ya tafi na ce, "Baba, in mai shi bai zo ba hwa?" Ya ce, "Tahi ka tambayi Malam, kai da ke son tambaya."

Na tafi. Na ce, "Allah gafarta Malam, mine ne hukuncin tsuntsun da anka tsinta?" Ya yi dariya ya ce a Risala dai bai ga aku ba, amma ya ga raƙumi da tunkiya. Abin da ya karanta mini, na kuma je na bincika daga baya, shi ne wannan. Asalin hukuncin hadisin Zaidu ɗan Halid ne, yana cikin Muwaɗɗa da Buhari. Wanda ya tsinci dukiya ya kiyaye kamannin jakar da igiyar da aka ɗaure ta, ya yi cigiya shekara guda. Ɓataccen raƙumi a daji a ƙyale shi, don yana iya kai kansa ga ruwa da itace har mai shi ya same shi. Tunkiya kuwa a ɗauke ta, don in an bar ta rabon kura ce. Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, haka ya kawo a Risala, kuma da ita da Muhtasar na Halil alƙalan ƙasar nan suka yi ta hukunci. Ko shi hukuncin raƙumin ya motsa da zamani: a lokacin Umar ana barin su suna yawo har su hayayyafa, a lokacin Usman aka koma sayar da su ana ajiye wa mai su kuɗin. Malam ya ce akun nan ya fi kusa da tunkiya, don shirwa da kyanwa da danƙon yara duk suna jiransa, saboda haka ɗaukar da na yi daidai ce. Amma cikin gari na same shi, inda ana iya samun mai shi, saboda haka shekara ta cigiya ta hau kaina. Abin da na kashe wajen ciyarwa ina da ikon nema in mai shi ya zo.

Wannan magana ta ɓatacciyar dabba tana da nata tarihin a ƙasarmu. Cikin Kitabul Farƙi, inda Shehu Usmanu ya jero laifuffukan sarakunan Hausa na zamaninsa, ya ambaci cewa in dabbobin talaka suka shiga cikin na sarki ba sa fitowa sai an bar wani kaso, in kuwa na sarki ne suka shiga gona ba mai korar su. Dukiyar da mai ita ya ɓace kuma baitulmali aka ce ta nufa, ba aljihun mai ƙarfi ba. Ke nan yadda ake yi da abin da ya ɓace wa mara ƙarfi yana cikin ma'aunin da aka auna mulki da shi shekaru ɗari biyu da suka wuce. Mu a Dakoro, ƙasar kiwo, mun san abin a aikace. Buzu yana da tambarin da yake ɗora wa raƙumi, Bafillace yana da yankan kunne, ɓatacciyar dabba ana kai ta gidan sarki ko wurin tsaron dabbobi na gari, mai shela ya zaga kasuwa, yau kuma rediyo ta karɓe shi. Aku ba shi da tambari ko yankan kunne. Tambarinsa a bakinsa yake. Shi ya sa na ɓoye sunan nan: shi ne igiyar jakar.

Na yi cigiya a masallacin Juma'a, na yi a tasha, na biya aka faɗa a rediyo sau uku. Mutum huɗu suka zo. Kowanne na tambaye shi wane suna tsuntsun ke kira, kuma wane fiffike aka datse. Ɗaya ya ce ai akunsa ba ya magana. Ɗaya ya canki suna uku a jere kamar mai caca. Babu wanda ya faɗa daidai, kuma babu wanda tsuntsun ya ko ɗaga kai ya duba.

Na kuma je wurin ma'aikatan gandun daji, a nan na ji ɓangaren tarihin da ya fi ɗaci. Tun daga shekarun 1970 an fitar da fiye da aku miliyan ɗaya daga dazuzzukan Afirka bisa takarda, ban da waɗanda suka mutu a hannun masu tarko da cikin akwatuna. Wani bincike da aka buga a 2016 ya nuna Gana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na akunta tun 1992. Ƙasar da ta ba mu sunan ke nan. A watan Oktoba na 2016, a taron yarjejeniyar CITES a Johannesburg, aka sa shi cikin jeri na farko, wato an haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, kuma Nijar na cikin yarjejeniyar. Ma'aikacin ya ce mini kada in sayar, kada kuma in sake shi, don a dajinmu ba zai yi mako ba. Na fito ina tunanin cewa tsohuwar da nake nema ita ma wani ya sayar mata ko ya ba ta, shi ma daga hannun wani, har a kai ga wanda ya hau icce ya zura hannu cikin kogo. Wannan bai rage mata haƙƙi a kaina ba. Amma in Allah Ya ba ni kuɗi gobe, ba zan sayi aku ba.

Kafin mai shi ya zo, ga abin da muka koya, ko wani zai tsinci irinsa. Kada a ba shi goro, ko da yake tare suka zo, haka shayi da kofi da cakulan da abu mai gishiri, ƴar piya kuwa guba ce gare shi. Gyaɗa kaɗan, kuma a duba kada ta yi fumfuna, don tana lalata masa huhu da hanta. Muna ba shi dawa da gero da ɗanyar masara, gwaba, karas, ganyen zogale, da dafaffen ƙwai jefi-jefi saboda ƙashi. Ruwa sabo kullum. A nisanta shi da hayaƙin murhu. Da hunturu ya shigo, iskar nan mai bushewa ta dame shi, sai muka riƙa yayyafa masa ruwa da hantsi muna rufe kejin da zane da dare, don tuni maƙeri ya yi mana keji ya bar kwandon kaji. Ku tuna kuma yana iya shekara arba'in har sittin a hannun mutum. Wanda ya ɗauke shi ya ɗauki abin da zai iya barin wa magada.

Abin da ya fi wuya kaɗaici ne. A daji cikin garke yake rayuwa. Da na koma makaranta sai ya shiga fizge gashin ƙirjinsa har fata ta bayyana. Inna ce ta warkar da shi ba da wani magani ba: ta jawo kejin kusa da tabarmarta, tana tsinkar yakuwa tana ba shi labarin mutanen da suka mutu tun ban zo duniya ba. An ce tsintacciyar mage ba ta mage, amma Inna ta ce ba a faɗi haka game da aku ba. Gashi ya dawo. Da na zo hutun Disamba na yi sallama, sai na ji daga ɗaki an ce "wa na?" da muryar Inna. Gida duka aka yi dariya, ni kuwa gabana ya faɗi, don shaidata ce ke narkewa. Hausar Dakoro tana hawa bisa ta Kano. Sa'ar da na yi ita ce na ɗauki muryar farko a waya. Sunan nan dai bai bari ba, yakan kira shi wajen magariba, ya yi shiru kamar mai jiran amsa.

Shekarar cigiya ba ta cika ba tukuna, kuma wannan takarda tana cikinta. Ɗan littafin nan yana shiga hannuwa da yawa, wasu za su kai shi Maradi, wasu Tasawa, wasu har Katsina da Kano. In kun san gidan da aka yi rashin aku ruwan toka mai jar wutsiya a daminar da ta wuce, gidan da akwai ko aka taɓa yin wata tsohuwa mai tarin asuba, ku gaya wa ƴan ƙungiyar da suka ba ku littafin, za su same ni. Mai zuwa ya zo da suna guda, ya faɗi fiffiken da aka datse. Kuɗin dawa da gwaba mun yafe. Inna dai ta ce a gaya wa mai shi ya zo da shirin kwana biyu, don ba za ta miƙa shi a tsaye a ƙofar gida ba.